Abin da ke raya jijiyoyin jin zafi tun a ciki

Tun ɗan tayi yana cikin mahaifa, jikinsa kan ƙirƙiro ƙwayoyin jijiya fiye da bukata. Waɗanda za su riƙa kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi da sanyi da taɓi suna taruwa ne a gefen laka, kowace ta miƙa dogon zare zuwa fata. Kusan rabinsu ba sa kai labari. Wannan ba ciwo ba ne, tsari ne, kamar yadda manomi ke zuba gero da yawa a rami, daga baya ya rage.

To wa ke zaɓen masu rayuwa? Fata ce. Tana fitar da wani furotin da ake kira NGF, wato sinadarin girman jijiya, amma ɗan kaɗan, ba ya isar kowa. Zaren da ya iso ya samu rabonsa sai ya kama shi a bakinsa, ya tura saƙon baya har uwar ƙwayar, saƙon ya hana ta kashe kanta. Wadda ta rasa kuwa sai ta ƙanƙance ta mutu. Ta haka yawan jijiya ke yin daidai da faɗin wurin da za ta yi wa aiki. An ga haka ƙarara a ƙwan kaza: aka cire tsiron fiffike, sai mutuwar ƙwayoyin wannan gefen ta ƙaru.

Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya, ita ta bi sawun abin. Dokokin da gwamnatin Musolini ta kafa a Italiya a 1938 sun raba ta da jami'a don Bayahudiya ce, sai ta ci gaba da bincike a ɗakin kwananta, abin a jinjina mata. Daga baya a Amurka, ita da Stanley Cohen suka tarar da sinadarin a dafin maciji, sannan da yawan gaske a kaluluwar yawun namijin ɓera. Sun samu kyautar Nobel a 1986.

Ba duka ƙwayoyin ke dogara da NGF ba. Masu sanar da mu inda gaɓoɓinmu suke, wani furotin da ake kira NT-3 ne nasu.

Akwai yaran da ake haifa da lahani a makamar da ke karɓar NGF. Ba sa jin zafi, ba sa gumi. Yaro kan ciji harshensa har ya yi jini, ko ya yi ta takawa da karyayyar ƙafa, iyaye ba su sani ba sai sun ga kumburi.