Raba Fayiloli Tsakanin Kwamfutocin Ofis

A da, idan akawu yana bukatar fayil ɗin albashi, sai ya aiki masinja rajista, a sa hannu a littafi, sa'an nan a ba shi. Yanzu kuwa a ƙaramin ofis na garin Obi, ko na Lafiya babban birnin Jihar Nasarawa, akan haɗa kwamfuta huɗu ko biyar da waya, har akawu ya buɗe fayil ɗin da ke cikin kwamfutar magatakarda ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. Wannan sauƙi ne babba, amma lalle ma'aikata su san ƙofofin da ake bi.

Yadda Abin Yake Aiki

Kwamfutoci masu aiki da Windows suna miƙa wa juna fayiloli bisa wata ƙa'ida da ake kira SMB, wadda aka fara tsarawa a kamfanin IBM a 1983. Ƙofofin shiga iri biyu ne.

Ta farko ita ce ta ma'aikata. Mai kula da kwamfutocin ofis shi ke zaɓen jakar fayiloli guda, ya sa mata suna, ya kuma ƙayyade wanda zai karanta kawai da wanda zai iya gyarawa.

Ta biyu ɓoyayya ce, Windows da kansa yake buɗe ta domin masu gyara da kulawa. Sunanta yakan ƙare da alamar dala, watau C$ ko ADMIN$, kuma wannan alama ce take hana ta fitowa a jerin da kowa ke gani. Wanda ya rubuta \\AKAWU\C$ ya kuma ba da kalmar sirrin mai kulawa, to dukan abin da ke cikin ma'ajiyar kwamfutar mai suna AKAWU ya shiga hannunsa. Yana iya kwafewa, yana iya sharewa.

Dalilin Da Ƙofar Take Ƙin Buɗewa

Sau da yawa mai kulawa yakan ba da suna da kalmar sirri daidai, amma kwamfuta ta ce ba shi da izni. Wannan ba lalacewa ba ce. Tun daga Windows Vista na 2007, a ƙaramin haɗi wanda ba shi da babbar kwamfuta mai riƙe sunayen ma'aikata duka, Windows yakan rage ikon wanda ya shigo daga wata kwamfutar. Akwai hanyar ɗage wannan shinge, amma ɗage shi domin neman sauƙi kawai ganganci ne.

Abin Da Ya Sa Ake Tsanantawa

A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wani rauni a tsohon samfurin SMB, ta kulle fayiloli a ƙasashe fiye da 150, har asibitoci a Ingila suka mayar da marasa lafiya gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har ila yau, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izni ba, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin tsare su.

Abin Da Ake Bukata Daga Kowane Ofis

1. A buɗe jaka ta musamman domin aikin yau da kullum, a bar ɓoyayyar ƙofa ga mai kulawa.
2. Kowane ma'aikaci ya sami sunansa da kalmar sirrinsa. Kada a manna su a jikin tebur.
3. Kada kwamfutocin ofis duka su yi tarayya a kalmar sirrin mai kulawa guda ɗaya.
4. A kashe samfurin SMB na farko, a riƙa sabunta Windows.
5. A ajiye kwafin muhimman fayiloli a ma'ajiyar da ba a haɗe take da sauran ba.
6. Ran da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ran nan za a soke izninsa.

Albashin malamai da takardun fansho da ke cikin waɗannan kwamfutoci amanar jama'a ce, kuma shugaban kowane ofis shi za a tambaya idan ta salwanta.