In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake: doka da usur a wasan ƙwallon kwando

Ran 22 ga watan nuwamba 1950, a ƙasar Amurka, ƙungiyar Fort Wayne ta kara da ƙungiyar Minneapolis a wasan ƙwallon kwando. Aka yi minti 48 ana wasa, aka tashi 19 da 18. Ran 26 ga watan janairu 2024 kuwa, a cikin wannan gasa ta ƙwararru da ake kira NBA, mutum guda, Luka Doncic, ya ci maki 73 shi kaɗai a dare ɗaya. Kwandon bai sauka ba, yana nan bisa tsawon mitir 3 da santimitir 5. Mai karatu zai ce ƴan wasan yanzu sun fi na dā ƙwarewa. Da gaskiyarsa, amma ba ita ke nan ba. Yawan maki yana bin dokar wasa, yana kuma bin yadda alƙali ke busa usur.

Agogon sakan 24

Abin da ya faru a 1950 ba boyayye ba ne. Minneapolis tana da wani dogo, George Mikan, wanda ba a iya tare shi a gindin kwando. Sai ƴan Fort Wayne suka riƙe ƙwallo, suna miƙa wa juna, suka ƙi jefawa, don a lokacin babu dokar da ta hana. Sun ci wasa, amma ƴan kallon da suka biya kuɗin shiga sun koma gida da haushi.

A 1954 aka samo magani. Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse, ya yi lissafi: minti 48 sakan 2880 ne, in ana son ƙungiyoyin biyu su yi jifa 120, to kowace jifa ta sami sakan 24. Aka kafa doka cewa duk ƙungiyar da ta riƙe ƙwallo sakan 24 ba ta jefa ba, sai ta miƙa wa abokiyar karawa. A shekara guda, makin da ƙungiya ke ci a wasa ɗaya ya tashi daga 79 da rabi zuwa 93. A shekarar wasa ta 1961-1962 ya kai kusan 119, kuma ran 2 ga watan maris 1962 Wilt Chamberlain ya ci maki 100 a wasa guda. Saboda irinsa ne a 1964 aka ƙara faɗaɗa filin gindin kwando, inda mai kai hari ba ya da izinin tsayawa fiye da sakan 3.

Zamanin ƙarfi

Daga baya masu horar da ƙungiyoyi suka gane cewa hana abokin karawa ci ya fi sauƙi bisa ga yin tsere da shi. Cikin shekarun 1990 wasa ya koma na ƙarfi. Mai tsaro yakan ɗora hannu a ƙugun mai ƙwallo, ya bi da shi inda yake so, alƙali yana kallo. Gudu ya ragu, jifa ta ragu. A 1998-1999 maki ya faɗo ƙasa da 92, a 2003-2004 kuma bai kai 94 ba, wato kamar an koma 1955. A 2004 ƙungiyar Detroit ta ɗauki kofi da ƙarfin tsaro, ta kayar da Los Angeles Lakers wasa 4 da 1.

A wannan shekara shugabannin gasar suka umurci alƙalai da su tsananta: wanda duk ya sa hannu ya tare mai gudu da ƙwallo, a busa masa laifi. Nan da nan ƙofa ta buɗe wa gajeru masu sauri. Steve Nash na ƙungiyar Phoenix, wanda ba ƙaƙƙarfa ba ne, shi aka zaɓa gwarzon gasar a 2005 da 2006.

Lissafin maki uku

Tun 1979 aka shata wani layi mai nisan mitir 7 da santimitir 24 daga kwando. Wanda ya jefa daga bayansa ƙwallo ta shiga, maki 3 gare shi maimakon 2. Da farko an raina shi: ƙungiya ba ta yin irin wannan jifa ko sau 3 a wasa. Amma ga lissafi wanda kowa zai iya yi da alli. Mutum ya jefa 10 daga kusa, 5 suka shiga: maki 10. Wani ya jefa 10 daga nesa, 4 kaɗai suka shiga: maki 12. Da aka hana riƙo da turi, masu jifar nesa suka sami sarari. Stephen Curry ya zura irin wannan jifa 402 a 2015-2016. A 2023-2024 kowace ƙungiya takan gwada ta wajen sau 35 a wasa, maki kuma ya haura 114.

Usur ba ya ƙidaya, amma yana hukunci

Kowace doka tana da masu neman ɓarakarta. Wanda aka yi wa laifi yana cikin jifa, akan ba shi jifar kyauta, babu mai tare shi. Sai wasu gwanaye suka koyi faɗa wa mai tsaro da gangan, ko su sarƙe hannunsu cikin nasa, don alƙali ya busa. A 2021 aka sanar da cewa irin wannan wayo ba zai ƙara jawo jifar kyauta ba.

Amma abin lura shi ne na 2024. A watan janairu Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta Kamaru, ya ci maki 70. Bayan kwana 4 Doncic ya ci nasa 73. Jama'a suka yi ta cewa an ɗaure wa masu tsaro hannu. Daga watan fabrairu sai aka ga alƙalai sun rage busa laifi, jifar kyauta ta ragu, maki ya sauka, alhali ba a sake ko harafi ɗaya a littafin doka ba. Gyaran ya yi wa ƴan kallo da yawa daɗi. Sai dai ɗan wasa da sana'arsa ke nan, albashinsa kuma yana bin makin da ya ci, yana da hakkin ya san ma'aunin da za a auna shi da shi tun kafin a fara.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ƙwallon kwandon da ake yi a filayenmu yana bin dokar hukumar duniya, FIBA: minti 40 ne ba 48 ba, laifi 5 ke fitar da ɗan wasa ba 6 ba, layin maki uku kuma mitir 6 da santimitir 75 ne. Don haka kuskure ne a jera makin can da na nan a ce wane ya fi wane. Haka nan kuskure ne a jera makin 1962 da na 1999 ba tare da an tambayi dokar da ke aiki a lokacin ba.

Darasin da ke ciki bai tsaya ga filin wasa ba. Agogon 1954 da umurnin 2004 an sanar da su a fili, kowa ya shirya, wasa ya gyaru. Duk wanda aka damƙa wa usur, a fili ne ko a ofis, bari ya tuna: abin da ya busa da abin da ya ƙyale, su ne mutane za su ɗauka doka.