Tagelel, zangon da ayari ya rabu

Yau shirin namu ya yada zango a ƙasar Damargu, a wani ƙauye da ba kasafai ake jin sunansa ba, wato Tagelel.

A watan Janairun 1851, ayarin gishiri na Abzinawan Kel Ewey ya sauka a nan. Madugunsa Annur ne, dattijon Tintellust ta Abzin, kuma ƙauyen Tagelel nasa ne, mutanensa ke noma masa gero. Cikin ayarin akwai Turawa uku da gwamnatin Ingila ta aiko daga Tarabulus tun 1850: James Richardson Ba'ingile, da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim.

Barth ya rubuta cewa Tagelel unguwa biyu ce ta bukkoki, 'yan bishiyoyin tsamiya huɗu ko biyar ne suka raba su. To, me ya kawo madugu kamar Annur ƙaramin wuri irin wannan? Gero ne. Duwatsun Abzin ba sa ciyar da mutanensu, Damargu ce rumbunsu. Raƙumi ya zo da kantun gishirin Bilma, ya koma da buhun hatsi.

A nan Richardson ya yi sallama da Jamusawan biyu, bisa alkawarin haɗuwa a Kukawa ta Borno. Richardson ya nufi Damagaram, daga baya Overweg ya yi Maraɗi da Gobir, Barth ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairu. Ashe rabuwarsu da Richardson ke nan. Richardson ya rasu a Ngurutuwa cikin watan Maris, bai kai Kukawa ba. Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852. Barth kaɗai ya koma gida, a 1855.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada zuwa Tarabulus ya durƙushe, zangunan hanya suka rage armashi. Labarin baƙi uku na nan a littafi, amma na manoman da suka ciyar da ayarin yana bakin dattawa ne. Matasan Tanut da Belbeji, ku zauna da kakanninku, ku tambayi sunayen rijiyoyi da zanguna, ku naɗa a wayoyinku tun suna raye.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.