Adas: Iri Kaɗai Ba Ya Cika Ƙwaya

Tun da adas ya fara shiga shagunanmu, musamman ta hannun waɗanda suka saba da miyarsa a Sudan da Saudiyya, ake ta yaɗa wata magana: wai jan adas ɗin Kanada ƙaiƙayi ne, na gabas ne mai gina jiki saboda irinsa na gargajiya ne. Masu faɗin haka sun ɗora komai a kan iri, kuma nan suka kauce.

Shuka ba ta ƙera sinadarin ƙarfe, ko zinki, ko seleniyam. Daga ƙasa take jawo su ta saiwa. Komai kyan guga, abin da ke cikin rijiya shi zai fito da shi. Ƙasar lardin Saskacewan, inda ake noma mafi yawan adas ɗin Kanada, tana da wadatar seleniyam, shi ya sa adas ɗinsu ke cikin waɗanda suka fi kowane yawan wannan sinadari.  Wato wanda ake zagi ɗin, ta wannan fuska, shi ne a gaba.

Yanayi ma da nasa hannun. Idan zafi ya tsananta lokacin da ƙwaya ke cika, sai wani sinadari mai suna fayitik ya ƙaru a cikinta. Shi wannan yakan kama ƙarfe da zinki ya riƙe, hanji ya kasa tsotsarsu. Ga abin a cikin ƙwaya, amma jikin yaron da ya sha miyar bai samu rabonsa duka ba. Jiƙa adas kafin dafawa yana rage wannan matsala.

Ba cewa nake iri ba shi da tasiri ba. Cibiyar binciken noma ta ICARDA da masana a Bangladash sun fitar da ire-iren adas masu ƙarin ƙarfe da zinki, kuma aiki ne na a yaba. Sai dai ko su, a matacciyar gona ba za su ba da abin da aka yi alkawari ba.

Ƙasashen da suka fahimci haka gona suka nufa. Finlan ta fara zuba seleniyam a takin zamani a 1984, kuma adadinsa ya ƙaru a jinin mutanenta. Turkiyya ta gano ƙarancin zinki a gonakin tsakiyar Anatoliya a shekarun 1990, ta shigar da shi cikin taki.

Mu ba manoman adas ba ne, amma wakenmu ɗan'uwansa ne, kuma hukuncin ɗaya ne. Duk damina hukuma ta tara manoma, a raba ingantaccen iri da buhun takin NPK, a ɗauki hoto, a watse. Sinadari uku ne a wannan buhu, babu zinki a cikinsu. Manoma nawa ne a ƙauyukanmu aka taɓa ɗibar ƙasar gonarsu aka kai gwaji kafin a miƙa musu buhun?