Rariyar Tace Iska da Zafin Katsina

Duk ranar kasuwa a karar Charanci ko ta Mai'aduwa, shanu kan bar tulin kashi a baya. In aka zuba shi cikin rufaffen rami da ruwa, ya ruɓe, sai ya ba da iskar gas mai kama wuta. Sai dai gauraye take fitowa: kusan kashi 60 cikin 100 metan ce, mai ci, saura galibi iskar kabon ce, wadda ba ta ƙonewa. Tukunya za ta tafasa a haka, amma kafin a ɗura ta a tankin mota sai an tace.

Rariyar wannan aiki ta roba ce, wadda masana ke kira polima. Ana kaɗa ta zare-zare, kowane sili da rami a tsakiyarsa, dubbai a cikin bututu guda. Fatar da ke tacewar ba ta kai kaurin kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Kabon kan ratsa ta da sauri, metan kuwa ta tsaya. Tun wajen 1980 kamfanin Monsanto na Amurka ya fara sayar da irinta ga masana'antun takin zamani, don ceto iskar haidirojin.

Matsalar ita ce ƙarko. In matsi ya yi yawa, kabon kan jiƙa robar ta kumbura, ƙofofinta su saki, kowace iska ta wuce. In kuma ta kwana biyu, sai ta motse, tacewa ta ragu. Polimar PIM-1, wadda Peter Budd da Neil McKeown suka fito da ita a Manchesta a 2004, ta burge kowa da saurin tacewa, amma saurin tsufa ya hana ta cin kasuwa.

Dabarar da ta fi karɓuwa ita ce a ɗaure sarƙoƙin sinadarin da suka haɗa robar da juna ta hanyar sinadari ko zafi, kamar yadda masaƙi ke ƙulle bakin tabarma. Wasu kuma suna cusa mata ƙwayoyi masu ramuka don su tokare ta.

A Katsina akwai ƙarin jarrabawa. Zafin Afrilu kan haura digiri 40, zafi kuwa yana rage wa rariyar iya bambancewa, ga danshi da iskar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke biyo gas ɗin kashi, waɗanda dole a cire su tun farko. Wannan aiki ne da ya dace da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa: a ɗauko rariyar da aka auna a sanyin Turai, a haɗa ta da ramin kashin shanu, a bar ta ta sha bazara biyu.