Amsoshin Takardunku: Me Ya Sa Tulu Ke Ƙara wa Sifika Sauti?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Malumfashi. Ya ce maƙwabcinsa ya ɗora sifika a bakin tulu, sai ga sauti ya yi kauri kamar na babban rediyo. Shi ne yake son jin dalili, kuma ko zai iya jona sifika huɗu a jikin nasa rediyon.

To Malam, maƙwabcinka ba tsafi ya yi ba. In ka dubi sifika za ka ga wata takarda mai kama da mazurari. Ita ce ke kai da komo tana tura iska, motsin iskar nan kuwa shi kunne ke ji. To amma duk sa'ad da gabanta ya tura iska, bayanta janyowa yake yi. In sifikar tsirara take, iskar gaba sai ta zagaya baya ta cike gurbi, su kashe juna. Siririn sauti irin na sarewa yakan tsira, don zangonsa gajere ne. Mai kaurin nan kuwa da samari ke kira bes, zangonsa dogo ne: sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya kusa mita 7, alhali sifikarka ba ta kai faifai ba. Shi ya sa take ƙara kamar gwangwani.

Aikin tulu shi ne ya tsare iskar baya. Ga shi da nauyi, jikinsa ba ya rawa kamar kwali ko langalanga. Dabarar ba ta yi nisa da ta wani Ba'amurke ba, Edgar Villchur, wanda a 1954 ya fito da sifika cikin ƙaramin akwati rufaffe ruf, iskar ciki tana riƙe da takardar kamar sifirin. Sai dai shi da lissafi ya yi nasa. Tulu in ya yi ƙanƙanta, iska takan matse takardar, bes ya ragu. In kuma wayam yake, sai ka ji yana gunji a kan murya guda. Maganin wannan, a sa auduga sako-sako a ciki, a yi wa bakin gammo da robar tsohon tif don kada iska ta zurare.

Batun sifika huɗu kuwa, a nan ne mutane ke tafka asara. Dubi bayan maganaɗisun, za ka ga an rubuta 4 ko 8, wato om. Idan ka haɗa biyu masu om 8 a hanya ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma 4. Huɗu sun koma 2. Lambar na raguwa, suna ƙara zuƙar wuta, rediyon gida kuwa galibi ba a ƙera shi don om 2 ba. Zai ɗau zafi, ka ji ƙauri, sai wajen mai gyara. Kada ka sauka ƙasa da lambar da ke rubuce a bayan rediyonka.

In biyu za ka sa, cire su daga rediyon ka gwada kowacce da batirin tocila: taɓa wayoyin ka ga takardar ta yi waje ko ciki. Ka jona su yadda duka za su riƙa motsi gefe guda, in ba haka ba su ma sai su cinye wa juna bes. Sannan ka matsa da tulun kusurwar ɗaki, bango zai ƙara masa kauri ba ko sisinka. Da fatan mai tambaya ya gamsu.