Bukuru: Yadda gangaren Hawan Kibo ke tona asirin birkin tsohuwar mota

Duk motar da ta tashi daga Bukuru za ta Abuja, akwai jarrabawar da ke jiran ta a hanya. Idan ta wuce shataletalen Mararrabar Jama'a, ta ratsa Riyom, sai ta iso Hawan Kibo, inda tudun Filato ke ƙarewa, titi ya shiga gangarawa kwana bayan kwana ya nufi Akwanga. Wurin ya yi ƙaurin suna wajen haɗarurruka, musamman na motocin da birki ya ƙwace wa direbobinsu. A nan ake sanin ko abin da mai mota ya saya a shagon kayan gyara ya ci kuɗinsa.

Bukuru, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, gari ne da haƙar kuza ta raya tun zamanin Turawa, kuma yana zaune a kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga matakin teku. Da yawa daga motocin da ke zirga-zirga a titunansa sun manyanta: ragowar Peugeot 504 da 406 na kamfanin PAN da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sai Golf da Vectra da Sharan na haya, da Corolla da Camry 'yan kwatano. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. Mai mota ya koma neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma sau da yawa birki ne ke shan ragin, tunda na arha da na tsada duk suna tsayar da mota a cikin gari.

Zafi ne abokin gabar birki

Idan direba ya taka birki, man birki ne ke tura wasu 'yan takalma biyu, waɗanda makanikai ke kira fad, su matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wato dis. Gogayyar da ke tsakaninsu ita ke mayar da gudun mota zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan ta gangara tudu mai tsawon mita 500, ƙarfin da sai an kashe kafin ta sauka lafiya ya isa ya tafasa ruwa lita 20. Idan direba bai bar inji ya taimaka ba, kusan dukkan wannan zafi a kan fad da faifai yake sauka, kuma na gaba ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka.

Fad maras inganci, da zarar ya yi zafi fiye da kima, sinadarin da ya haɗe shi yakan fara ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi kamar gilashi. Direba na takawa da ƙarfi, mota na ci gaba da tafiya, warin ƙauri na tashi. Shi ya sa gwajin da ake yi a bakin gareji, a ɗan zagaya a dawo, ba ya nuna komai game da abin da zai faru a gangare da mota cike da fasinja da buhunan dankali.

Man birki ma yana da nasa rauni, domin yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai na ajin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko zuwa kusan 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Idan man ya tafasa, sai feda ta nutse har ƙasa babu kamu. A gari mai doguwar damina irin Jos, sauya man duk shekara biyu, kamar yadda yawancin masu ƙera motoci ke ba da shawara, ya fi ƙara shi kawai idan ya ragu.

Wane fad ya dace?

Tambayar farko a shagunan Bukuru da na Dilimi a cikin Jos takan kasance ta farashi: na asali ko mai bi masa? Tambayar da ta kamata ta riga ta ita ce ko kayan na wannan motar ne. Camry da aka ƙera domin Amurka tana iya bambanta da wadda aka ƙera domin Turai a girman faifai da siffar fad, ko da shekararsu ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi kasuwa da tsohon fad a hannu, tare da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Fad ɗin da sai an goge gefensa da dutsen wuta kafin ya shiga, ba na motar ba ne.

Fad iri uku ne a taƙaice. Akwai mai laushi da ake yi da zaruruwa da roba, wanda ba ya ƙara kuma ba ya cin faifai, sai dai yana saurin ƙarewa, zafi kuma na karya lagonsa. Akwai mai gaurayen ƙarfe, wanda ya fi jure zafi da lodi, ko da yake yakan yi ƙara kuma ya fi cin faifai. Sai na siramik, mai ƙarancin ƙura da tsada. Ga motar haya da ke sauka da hawa tudun Filato kullum, mai gaurayen ƙarfe daga kamfanin da aka sani ya fi dacewa.

Sunaye irin su Bosch da TRW da ATE da Ferodo da Akebono sanannu ne, kuma saboda sanuwarsu ne masu jabu suka fi buga kwalayensu. Ƙasashen Turai suna aiki da ƙa'idar ECE R90, wadda ta wajabta cewa kamun fad na canji kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Kayan da suka cika ƙa'idar suna ɗauke da harafin E da lambar 90R a bayan fad ɗin kansa da kuma kwalin. A gida, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su. Duk da haka hatimi ma ana kwaikwayonsa, don haka sai mai saye ya duba ko lambar kwali ta yi daidai da ta jikin kayan, ko gefen fad na marmashewa, ko akwai rata tsakaninsa da ƙarfen da aka manna shi. Ya kuma karɓi rasit daga dillali mai shago tsayayye.

Wasu sun fi amincewa da tsohon fad ɗan Beljiyam, bisa hujjar cewa aƙalla na asali ne. Matsalar ita ce babu mai sanin zafin da ya sha ko shekarun da ya yi a jibge, kuma ya riga ya ɗauki siffar wani faifan daban.

Faifan da ake mantawa

Sabon fad yakan zo da kauri na milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauko kusan 3 lokacin canji ya yi. Wannan kowa na gani da ido. Faifai kuwa a hankali yake sirancewa, har a sauya fad sau huɗu ba a taɓa auna shi ba. Kowane faifai yana da mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, a rubuce a gefensa ko a cibiyarsa bayan haruffan MIN TH. Siririn faifai ba ya iya ɗaukar zafi, yana saurin tsagewa, kuma idan fuskarsa ta daina daidaituwa sitiyari kan yi rawa duk lokacin da aka taka birki.

Kai faifai wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a share fuskarsa dabara ce mai kyau, matuƙar bayan sharewar bai gaza waccan lamba ba. Mai mota yana da haƙƙin ya ce wa bakanike ya auna a gabansa. Fad da faifai kuma ana sauya su ne dama da hagu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe guda. A tsohuwar mota, ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu sukan cije saboda tsatsa da jar ƙasa, robobin da man ke bi sukan tsattsage, birkin baya mai ganga kuma yakan daina kamu ba a lura ba. Sabon fad ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai kuma lafiyar yaran gareji. Tarayyar Turai ta haramta sinadarin asbestos gaba ɗaya tun 2005 saboda yana jawo sankarar huhu, amma har yanzu wasu ƙasashe na amfani da shi a kayan birki. Hure ƙurar birki da baki ko da iskar kwamfuresa haɗari ne, jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar.

Bayan an ɗaura

Kafin a tayar da mota daga gareji, sai a taka feda sau da dama har ta yi tauri. Sabon fad yana buƙatar tafiyar kilomita 200 zuwa 300 ta taka birki a hankali kafin ya zauna sosai a kan faifai, don haka ba hikima ba ce a sauya da yamma a kama hanyar Abuja da asuba da cikakken lodi.

A gangaren kansa, ƙaramar giya ce garkuwar direba, domin inji na riƙe mota, birki na samun sararin hucewa. Ɗabi'ar sakin mota a firi ko kashe inji domin tsimin fetur tana jibga wa birki dukkan aikin, kashe injin kuma yana raba feda da abin da ke ƙara mata ƙarfi. Hukumar Kiyaye Haɗarurruka ta Ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988, tana lissafa shanyewar birki cikin dalilan haɗari a rahotanninta, amma jami'in da ke bakin titi ba zai iya leƙa kaurin faifan kowace mota ba. Wannan aiki na mai mota ne da bakanikensa, kuma a garejin Bukuru ake yin sa, tun kafin a hango kwanar farko ta Hawan Kibo.